Faransanci da Larabci a bakin yara: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 21 ga Satumba, 2024

Toh bismillah. Na ce bari in dinga ajiye bayanin wannan aikin da muka faro ni da Malama mai Larabci, ko Allah zai sa wani malamin ya tsinci abin amfani a ciki. Makarantarmu ƙarama ce ta kuɗi a Tudun Wada ta Kaduna, firamare da ƙaramar sakandare. Ni nake ɗaukar Faransanci daga aji huɗu har JSS3 tunda manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, daga aji huɗu ta sa a fara shi, ita kuma Malama tana da Larabci tun daga aji ɗaya.

Matsalar a fili take. Yaro ya shekara uku ko huɗu yana Faransanci, littafinsa cike da "je suis, tu es, il est" har shafi ya ƙare, in an yi tes ya ci, amma ka tare shi a bakin get ka ce masa "tu habites où?" sai ya tsaya yana kallonka. Larabci ma haka, kuma shi ya fi yi min ciwo don yaran nan kullum da yamma suna Islamiyya.

Ni a ganina hanyar da muke bi ce ke kashe mu. Littafin Faransancin da ke hannun yara da Turanci yake bayani. Yaron aji huɗu wanda a gida Hausa, a layi Hausa, wajen wasa Hausa, Turancin ma bai gama zama a bakinsa ba, sai mu ɗauko harshen da bai sani ba mu yi masa bayaninsa da wani harshen da shi ma bai gama sani ba, toh me ya rage masa in ba hadda ba? Ya haddace ya zuba a takarda ya manta.

Don haka muka yanke cewa a kowane darasi dole bakin kowane yaro ya motsa, in bayani ya kama da Hausa za a yi shi a gajarce a koma, rubutu kuma sai abin da yaro ya riga ya iya faɗa. Firiyod biyu kacal muke da shi a sati, minti arba'in-arba'in. Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu a Najeriya, kuma Nijar da Chadi da Kamaru da Benin duk da shi ake aikin ofis, amma a jadawalinmu rabon da ya samu kenan, da shi za mu yi aiki.

Asabar, 5 ga Oktoba

Mun fara da umarni. Hanyar wani malamin jami'a ce ɗan Amurka, James Asher, tun shekarun 1960 ya fito da ita, TPR ake ce mata a taƙaice. Malami ya faɗi abu ya aikata, yara su aikata, ba a matsa musu su yi magana da farko. In ce "levez-vous" in miƙe su miƙe, "asseyez-vous" mu zauna, "touchez la tête", "montrez la fenêtre", "marchez", "arrêtez". Da na ga sun kama sai in harɗe hannuwa in bar baki kawai yana aiki, sai in hargitsa jerin don kar ya zama jerin suka haddace. Wanda ya fi musu daɗi shi ne in ce "touchez le nez" ni kuma in kama kunnena, nan take za ka gane masu sauraro da masu bin hannun malami, aji ya kaure da dariya.

Abin da ya burge ni da hanyar nan, ajin da yara sun haura hamsin a kan benci, babu wanda ke zaune yana jiran layi ya zo kansa, kowa na ciki a lokaci ɗaya. Akwai wata yarinya a bencin baya a aji biyar da tun bara ban san muryarta ba, ranar Laraba da na ce wa zai fito ya ba mu umarni ita ta ɗaga hannu, ta tsaya ta ce "Monsieur, asseyez-vous!" na zauna, ajin ya ɗau tafi.

Malamin lissafi ya leƙo ya ce Malam don Allah a sassauta mana, da gaskiyarsa, katangar silin ce kawai tsakaninmu. Yanzu ƙarƙashin darbejiyar tsakar makaranta muke fita.

Malama ita ma ta yi nata: ƙum, ijlis, iftahil kitaba, in mace ce ƙumi, ijlisi. Ta ce ko bayani ba ta yi ba, wani yaro ne ya ce ai kamar ka tashi da ki tashi ne, shikenan aka wuce wajen.

Amma hanyar tana da iyakarta fa, da umarni kaɗai ba za ka koya wa yaro "jiya na je gidan kakata" ba. Ta buɗe kunne ce kawai.

Asabar, 19 ga Oktoba

Iyaye sun fara magana. Wani bawan Allah mai walda a Panteka ya zo da kansa da littafin ɗansa a hannu, ya ce Malam sannu da ƙoƙari, amma ni fa na duba littafin yaron nan wata guda ban ga abin kirki ba, kuɗi fa muke biya. Na ce Alhaji bismillah shigo, na sa aka kira yaron, na ce masa "ferme la porte", ya rufe, "apporte la chaise à papa", ya ɗauko kujera ya ajiye wa babansa, "dis bonjour à papa", ya durƙusa ya ce "bonjour papa, comment allez-vous?". Na ce Alhaji yaron da aka kawo maka koyon walda, littafi kake fara miƙa masa ko ƙarfe? Ya yi murmushi ya ce ƙarfe mana.

Duk da haka maganarsa abin dubawa ce. Uba ba ya cikin aji, littafin nan shi ne kaɗai shaidarsa cewa ana aiki, ita ma Hajiya mai makaranta in ta zo duba aiki littafi take buɗewa. Mun tsaya a kan minti goman ƙarshe na kowane darasi za a rubuta jimloli kaɗan daga cikin waɗanda aka faɗa a ranar, yaro ya je gida ya karanta wa wani babba ya sa masa hannu.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wutar nan da ta ɗauke a kusan duk Arewa tun wajen 21 ga Oktoba ta tsayar da shirin sifika da waya, caji ma sai an bi layi a shago. Mun koma kan kwali. Yaran JSS2 suka kwaso kwalayen Indomie muka yayyanka, masu hannun zane suka zana akuya, bokiti, keke, tumatir, masallaci, a baya a rubuta sunan. Yara biyu-biyu, ɗaya ya ɗaga ya ce "qu'est-ce que c'est?" ɗayan ya amsa. Ko wuta ta dawo ba zan bar katunan nan ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Wannan satin furuci muka sa a gaba, kuma nan ne na ƙara yarda cewa sai malami ya san harshen yaron kafin ya san inda zai yi tuntuɓe. Bahaushe ba shi da p daban da f, ba shi da v, kuma f ɗinmu ma da leɓɓa biyu muke yinta. Sai ka ji "pain" da "faim" sun zama abu ɗaya, "vingt" da "bain" su ma haka, burodi da yunwa, ashirin da wanka. Faɗa da maimaitawa sau ɗari ba ya gyara wannan don kunnen yaron bai ji bambancin ba tukuna. Na ari ƙaramin madubi a wajen Anti ta nazire, kowa ya kalli bakinsa: in f ko v za ka yi haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, in p ko b ne leɓɓa su haɗu su rufe ruf. Sai na juya baya ina faɗin kalma su kuma su ɗaga katin burodi ko su kama ciki. Kunne tukuna, sannan baki.

Wasalin "u" na "tu" da "rue" shi ma aiki ne, kowa "tout" da "roue" yake cewa. Dabarar da ta yi mana: ka ce iii ka riƙe, sai ka tsuke baki kamar za ka yi fito ba tare da ka motsa harshe ba. Yara suna son wannan don fito dai an hana su yi a makaranta.

Ita kuwa r ta Faransawa, ta maƙogwaro, Islamiyya ce ta cece mu. Malama ce ta ba ni shawara ta ce ka ce musu ghain ɗin "ghairil maghdubi" ce a sassauta ta, wallahi nan take rabin aji suka fitar da ita. Amma ban takura wa kowa ba, mutanen Yamai da Kotono da dama da r irin tamu suke magana kuma babu wanda bai gane su. Inda ma'ana ke canzawa nan nake tsayawa, sauran in bari.

Asabar, 7 ga Disamba

Le da la. Littafin ya ɓata shafi guda da Turanci yana ƙoƙarin fahimtar da yaro cewa tebur da kujera suna da jinsi, alhali yaron da ke cewa motata da gidana, wannan ce da wannan ne, tun yana goye yake rarrabe namiji da mace a cikin kaya. Minti biyu na yi da Hausa aka wuce. Abin da ya rage kawai su san cewa rabon ba ɗaya ba ne: mota mace ce "la voiture" ma mace, ƙofa da "la porte" sun dace, amma gida namiji ne "la maison" mace, rana mace ce "le soleil" namiji, wata namiji ne "la lune" mace. Da suka kai wa Malama labari ta ce a Larabci kuwa shamsu mace ƙamaru namiji, daidai da namu. Dokar da na kafa ita ce ba a koyon suna tsirara, ba "table" ba, "la table" a haɗe kamar kalma ɗaya, katunan maza da shuɗin maka na mata da ja.

Tu da vous ma haka. Na ce in babanka ya dawo daga kasuwa ka dawo lafiya kake ce masa ko kun dawo lafiya? Suka ce kun. Na ce toh shi ne vous.

Jarrabawa ta zo. Na roƙi Hajiya ta bar ni in cire rabin makin tes in mayar na magana, ta yarda bayan ta ja. Ba a rana ɗaya nake yi ba don ba zai yiwu ba, tun tsakiyar zango a kowane darasi nake kiran wasu kaɗan gefe yayin da sauran ke wasan kati, minti ɗaya-ɗaya: sunanka, shekarunka, unguwarku, me kake so ka ci. Da yara suka gane cewa magana tana da maki a ripot kad sai ga su suna tare ni a hanya da "bonjour monsieur, j'habite à Unguwar Sanusi" tun ban tambaya ba.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

An dawo hutu, ga hazo ga tari, kuma an zubar da abubuwa da yawa. Ban fara sabon abu ba, mun koma kan katunan Nuwamba. Yanzu kowane darasi minti biyar na farko na tsohon kaya ne, na satin jiya da na watan jiya a gauraye. Na kuma fara tura gajeren saƙon murya a gurup ɗin iyaye na WhatsApp ranar Juma'a, jimla uku a hankali da fassarar Hausa. Ba kowane gida ke da babbar waya ba kuma data ta yi tsada, shi ya sa ban sa maki a kansa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kasuwa muka ci a aji, kuma wannan shi ne darasi mafi daɗi tun da muka fara.

Lambobi ne suka kai mu. Daga ɗaya zuwa sittin da tara babu matsala, daga saba'in ne Faransanci ke zama lissafi: saba'in "soixante-dix" sittin da goma, tamanin "quatre-vingts" ashirin huɗu, casa'in da tara "quatre-vingt-dix-neuf" ashirin huɗu da goma sha tara. Mutanen Beljiyam da Suwizalan sun huta, "septante" da "nonante" suke cewa, amma mu na Faransa ake tambaya a jarrabawa kuma shi maƙwabtanmu ke yi. Na sa yara suka tsinto murafen lemo muka kasa su ashirin-ashirin a kan tebur, kashi huɗu ga tamanin a ido, a ƙara goma ga casa'in.

Sai na tuna da mai shayin bakin layinmu, mutumin Damagaram ne, ya yi boko a can har ƙarshen firamare. Na same shi na ce Malam don Allah in ka tashi daga shayin safe ka zo ka taya ni aiki, ya ce Mushe ai ni Faransancina ya yi tsatsa, na ce haka nake so. Ya zo da gwangwanayen madara da sukari da ganyen shayi da burodi ya baje a teburin malami, yara suka yi layi da kuɗin takarda da muka yanka. "Bonjour monsieur, c'est combien le pain?" Ya ce "quatre-vingt-quinze francs". Ka ga yaro ya tsaya yana motsa yatsu, can sai ya ce "c'est cher! diminuez un peu", shi kuma ya kama kai ya ce "non non, je ne gagne rien", ya ƙi ragewa sai an ja da shi sosai, kuma da gangan yake ba da canji ba daidai ba ya ga wa zai gane. Wata yarinya ta ƙirga nata ta dawo ta ajiye masa a tebur ta ce "monsieur, il manque dix francs", jimlar da sau ɗaya tak na taɓa faɗa a aji.

Wannan ne karo na farko da yaran suka ji Faransanci daga bakin wani da ba malaminsu ba, mutumin da suke sayen burodi a wajensa kullum. Ya kuma ba su labarin yadda ake lissafin sefa da Hausa a kasuwannin Nijar, dala ɗaya faran biyar ce, don haka in an ce dala ashirin ɗari ake nufi, dubu kuma jika. Suka yi ta tambaya har aka kaɗa ƙararrawa.

Kafin ya tafi ya ce a zamaninsu akwai abin da ake kira "symbole", wani ƙashi ne da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa a makaranta, shi kuma ya yi ta farautar wani ya rataya masa, wanda ya tashi da shi ya sha bulala. Ya ce abin da ya koya musu shi ne yin shiru. Yara suka kalli monita suna dariya, don mu ma muna da takardar sunayen masu banakula.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Jiya ce ranar harshen uwa ta duniya, sai na yi amfani da ita na kai maganar banakula mitin ɗin malamai. Wasu suka ce in aka bar Hausa yara ba za su taɓa iya Turanci ba, kuma na fahimci tsoronsu, iyaye don Turanci suke kawo yara makarantar kuɗi. Na kawo musu aikin Farfesa Babs Fafunwa na Ife da aka fara a 1970, inda aka koyar da wasu yara duk darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. A ƙarshen 2022 ma gwamnatin tarayya lokacin minista Adamu Adamu ta amince da tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare. Ni ba cewa na yi a daina Turanci ba, cewa na yi yaron da ke tsoron buɗe baki ba zai koyi kowane harshe ba, tara da bulala tsoro suke koyarwa.

Ba a soke takardar ba. An dai yarda ba ta aiki a darasina da na Malama, kuma an daina karɓar tara a firamare.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi, an rage lokacin tashi, yara sun yi laushi, tsalle-tsalle ya tsaya. Watan Malama ne wannan, na zauna a ajinta na JSS1 in ga yadda take yi.

Yaran nan wasu sun haddace izu biyar wasu goma, makharij ɗinsu tsaf, suna karanta duk abin da aka yi wa wasali, amma a ce su nemi ruwa da Larabci sai a yi tsit. Ita ba ta fara da nahawu da sarfu ba. Ta ce kun san "la a'budu", ba na bautawa, toh a azumi me ba kwa yi? Ta rubuta la akulu, la ashrabu. Namiji ya ce ana sa'imun, mace ta ce ana sa'imatun. Ta tambaya maza ta'kulu fil ifɗar, wato me kake ci a buɗa baki? Akulut tamra, ashrabul ma'a, wani ya ce akulu ƙosai wa ashrabu kunu, ta ce madalla jimlarka daidai take. Ta nuna musu cewa ranakun mako da ashirin, talatin, arba'in har casa'in duk suna aljihunsu tuntuni, gyaran baki kawai suke buƙata. Tana kiyayewa sosai kar a mayar da aya abin wasa, kalmar take cirowa ta gina zance na yau da kullum da ita.

Ranar Alhamis mai zuwa 20 ga wata ranar masu magana da Faransanci ce ta duniya, yaran aji shida za su yi ɗan wasan kasuwar nan a asambuli.

Asabar, 12 ga Afrilu

Labarin Nijar ya iso har gurup ɗin iyaye: sabon kundin mulkin soja ya mayar da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Turanci sun zama harsunan aiki, ga shi sun fice daga ECOWAS tun Janairu. Wata uwa ta rubuto ta ce Malam su da suke da abin sun yar, mu kuma me za mu yi da shi?

Ni kam na yi murna da aka ɗaga Hausa, kuma ban ga ya ci karo da aikinmu ba. Na amsa mata cewa Hajiya har yanzu takardun asibiti da na makaranta da na kwastan a can da Faransanci suke, kuma ba Nijar kaɗai ba ce, ga Benin da Togo da Kamaru da Kodebuwa da Senegal, ga Chadi da ke aiki da Faransanci da Larabci duka biyun. Duk ɗan kasuwar da ke sauke kaya daga Kotono ko Lome ya san abin da tafinta ke ci a kansa. Ba don son Faransa muke koya wa yaran nan ba, don maƙwabta ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Gwamnati da kanta ta san harshe sai da zama cikin masu shi, shi ya sa ta kafa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da na Larabci a Ngala ta jihar Borno a 1992, domin ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi. Ɗan firamare ba mai kai shi. Sai muka yi namu ƙarami: ranar Laraba lokacin birek ƙarƙashin darbejiya Faransanci kawai, ranar Alhamis Larabci. Ba dole, wanda ya shigo ya yi ƙoƙari ya samu tikiti, tikiti biyar fanke ɗaya a wajen Iya mai fanke. Ita ma Iya yanzu sai an ce mata "merci" ko "shukran" take sakin leda.

Mun kuma fara karatu. Ra'ayin Stephen Krashen ne cewa harshe yana shiga ta hanyar ji da karanta abin da ka gane mafi yawansa, da ɗan sabon abu kaɗan a kai. Littattafan labari na Faransanci ba mu da su, waɗanda na gani kuma dusar ƙanƙara ce da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Sai na zauna na rubuta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kalmomin da suka sani, "Gizo a faim. Il va chez le roi. Il dit: j'ai un grand secret", shafi huɗu aka yi fotokofi. Tunda sun san halin Gizo, in sun ci karo da kalmar da ba su sani ba labarin ne ke gaya musu. A nan ne ma "il est allé" da "il a mangé" suka shigo ba tare da na zana tebirin aikatau a allo ba, sai daga baya na zana da suka tambaya me ya sa wani "est" wani "a".

Asabar, 14 ga Yuni

JSS3 sun sha ni da tambayoyin baya saboda BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, kuma ban hana su ba, jarrabawar a takarda take babu ɓangaren magana, dole a shirya su yadda za a tambaye su. Wannan shi ne babban abin da ke jan malami baya, abin da ba a ba shi maki ba shi ake fara yarwa in lokaci ya ƙure.

Na leƙa Alliance Française, cibiyar koyar da Faransanci ta nan Kaduna, na tambayi yadda DELF, jarrabawar shaidar iya Faransanci, take. Kashi huɗu ce, sauraro, karatu, rubutu, magana, kowanne maki 25, ana cin ta da 50 cikin 100 amma dole ka samu aƙalla 5 a kowane kashi, akwai ta yara ƴan firamare da ta ƴan sakandare. Kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin iyayenmu, amma tsarin kyauta ne, shi zan kwaikwaya a jarrabawar zango na uku daga aji biyar zuwa JSS2. Malama ta ce ita ma haka za ta yi da Larabci.

Asabar, 19 ga Yuli

An gama, mun haɗa maki. A sauraro da magana fiye da rabin kowane aji sun yi abin da nake fata, za su gabatar da kansu, su yi ciniki, su faɗi abin da suka yi jiya da jimla biyu ko uku. Aji biyar sun fi JSS2 sakin baki nesa ba kusa ba, manyan kunya ke cin su musamman in maza da mata suna haɗe, sai na raba su rukuni tukuna suke magana. Rubutu ne ya zauna a baya, suna rubuta abin da kunne ya ji, "beaucoup" ya koma "boku", duk harafin da ba a furtawa a ƙarshen kalma sun yar da shi. Zango mai zuwa akwai shifta gajera kowane sati, daga cikin labarin Gizo da suka riga suka karanta.

Na kai wa Hajiya buƙatu a rubuce: a ƙara firiyod ɗaya ko da na minti talatin ne, a raba JSS1 gida biyu ranar magana, a saya mana sifika mai sola, sannan a tura ni da Malama duk wata bita ta malaman harshe da ta samu, ko a NTI, cibiyar horar da malamai da ke nan Rigachikun, ko a Zariya. Ta amince da sifika da rabon aji, firiyod ta ce sai ta zauna da mai jadawali. Cikin hutu zan rubuta ƙarin tatsuniyoyi, Malama za ta juya su zuwa Larabci da wasali, wani malamin Faransanci daga wata makaranta a Kawo kuma ya ce zai zo mu yi musayar katuna kafin a koma a Satumba.